Zagayen Gwaggo

Ranar da na fara aiki a ɗakin gwajinmu, kafin Gwaggo ta tambayi sunana sai da ta kama tafin hannuna ta shafa. Ta juya shi, ta sake shafawa, sannan ta sake ni.

"Ba kya gumi," in ji ta. "Za mu shirya."

Ba mu haɗa jini da ita ba. Gwaggon kowa ce a ginin nan, tun daga mai gadi har Dakta, shugaban sashenmu, wanda ya girme ta da shekara biyu amma shi ma Gwaggo yake ce mata. Gajeriya ce mai jiki, tana ɗan ɗingishi a ƙafar hagu tun wata faɗuwa da ta yi a matakala tana budurwa, don haka in tana tafiya rangaji take yi, hagu da dama, ba ta sauri ba ta tsayawa. Shekara talatin da ɗaya ta yi a wurin. Da wankin kwalabe ta fara, takardar sakandare kaɗai gare ta. Tana wanki tana leƙen abin da masu digiri ke yi, har wata rana hannun wani ɗalibi ya kama rawa a kan sirinji, ta ce ya kawo ta riƙe masa. Tun daga ranar ba a sake mayar da ita bakin famfo ba.

Aikinmu shafa wa gilashi fata ne. Haka muke kiranta, fata, don ba mu sami sunan da ya fi wannan ba. Wani siririn shafe ne na oksaid ɗin ƙarfen niyobiyam, wanda sai ka jera ɗaruruwan irinsa kafin su kai kaurin gashi guda. In ta yi kyau, ka ɗaga gilashin a haske, za ka ga shuɗi sumul daga gefe zuwa gefe. Masu bincike na bene na sama su ke karɓa, suna gwajin wata taga da ke yin duhu da kanta in an ba ta lantarki.

Tushen aikin wani ruwa ne mai suna niyobiyam etoksaid, ɗaya daga cikin dangin da ake kira alkoksaid. Gwaggo kan ce ƙarfe ne aka ɗaura wa aure da sifirit, kuma auren ba ya son shisshigi. Kalarsa kamar man girki, halinsa kuwa guda ne: ba ya shiri da laima ko kaɗan. Numfashinka ma ya isa. Ka buɗe kwalbar a fili, kafin ka juya ya yi fari ya guntse kamar madarar da ta lalace, shi ke nan sai zubarwa. Shi ya sa muke taɓa shi a cikin wani akwatin gilashi cike da busasshiyar iskar naitirojin, mai dogayen safar roba biyu da ake zura hannu a ciki. A nan ake zuƙo shi da sirinji, a tsarma a busasshen sifirit, a ɗiga masa asid da ɗan ruwan da aka auna, daidai wanda zai tashe shi ba tare da ya kashe shi ba. Sai a ɗiga haɗin a kan gilashi, faifai ya juya da shi da gudu har ya baje, a kai murhu ya gasu a digiri ɗari biyar.

Wannan gabar da laima ta bi Gwaggo har gida. Mijinta mai gyaran agogo ne, shagonsa na bakin ƙofarsu, Mai Agogo kowa ke ce masa. Ya taɓa ba ni labari cewa a gidansu ba a ajiye kofi a kwando sai an gasa shi a kan tukunya, kuma aljihun teburinta cike yake da ƙananan ƙunshin nan masu shan laima da ake samu a kwalin sabon takalmi. In jikokinta sun zo, tun daga ƙofa take duba musu hanci.

"Ni kaɗai ta yarda in jiƙe a gidan nan," in ji shi, "shi ma sai da tawul a kafaɗa."

Ni kuwa da digirina na zo, da saurina. Makona na farko bai cika ba ta laƙaba mini Jirgi, sunan ya bi ni har yau. Ina girmama hannunta, gaskiya, amma abu ɗaya nata yana ci mini rai. Kullum da safe, da ta gama haɗi, sai ta zare hannu daga safa, ta gyara farar rigarta, ta fita zagaye. Ta tsaya wurin mai gadi ta ji labarin gwiwarsa. Ta leƙa wurin mai buga takardu ta tambayi tagwayenta, wane ne ya fara haƙori. Ta shiga wurin mai hura gilashi ta saurari rigimarsa da ƙanensa a kan ɗakin tantabaru, rigimar da ta girmi aikina a wurin. Daga ƙarshe ta sauka can ƙasa, sito, wurin Baba Sito, tsohon da idonsa ya yi rauni har sai ya kai takarda bakin hanci yake karantawa, wanda ba mai sauka wurinsa sai mai neman kaya. Kusan awa guda sannan ta dawo tana murmushi ta ɗora gilashi a faifai.

Sau uku Dakta ya ba ta takardar gargaɗi a kan wannan zagayen, a shekaru daban-daban. Ta karɓa da hannu biyu, ta ce an gode, gobe ta sake fita. Ni dai da ta juya baya nake komawa kan kwamfuta ina tsaki a ciki.

Da ya rage mata mako shida ta yi ritaya, Dakta ya ce a rubuta komai, don ni zan gaje ta. Muka zauna, tana faɗi ina rubutawa. Ba ta rage mini komai ba, har yadda ake karkata sirinji don kada kumfa ya shiga. A mataki na bakwai ta ce, "Sai ki toshe kwalbar, ki bari ya ɗan huta."

"Na minti nawa, Gwaggo?"

"Ɗan hutu dai. Ba wani abu ba ne."

Na rubuta minti biyar, ta leƙa ta ce ba laifi.

Washegari na yi nawa ni kaɗai. Na bi takarda layi-layi, na ajiye kwalbar a kan teburin dutse ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki, minti biyar cif, na ɗiga, na juya, na gasa. Abin da ya fito daga murhu sai ka rantse tsuntsu ne ya bi ta kai. Dabbare-dabbare, nan shuɗi, can ruwan toka, gefe duk ya tsattsage. Na sake. Na sake. Sau bakwai cikin mako biyu, ko ɗaya ba ta kai a nuna wa mutum ba. Ita kuwa a tebur ɗaya, da kwalba ɗaya, tata na fitowa kamar an wanke.

Dakta ya ce to, Gwaggo ta yi a gabanmu mu gani. Ya tsaya da agogon hannu, ni da littafi. Da idon shugaba a kanta ba ta fita ko'ina ba. Ta haɗa, ta ajiye, ta jira ɗan lokaci, ta ɗiga. Da muka buɗe murhu da yamma, tata ma ta fito da zane kamar tawa.

Ta daɗe tana kallon gilashin. "Ikon Allah," ta ce a hankali.

Aka sake washegari, haka. Daga nan magana ta fara yawo a ginin, wai Gwaggo da gangan take ɓatawa in ana kallo, don a ga ba a iya yi sai da ita a ƙara mata wa'adi. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba: ni na fara furta ta. Haushi ne ya cika ni, na ce wa mai buga takardu wataƙila akwai abin da tsohuwar ta riƙe. Kafin azahar maganar ta zaga ta dawo kunnen mai ita.

Gwaggo ta ci gaba da zuwa aiki. Zagayen kawai ta daina. Ta ce ba za ta iya shiga ofis-ofis ana kallonta da wannan ido ba. Ta zauna a ɗakin daga safe har tashi, tana haɗi tana sakewa, duk suna lalacewa. Muka zargi sabuwar kwalba, muka buɗe wata. Muka sauya tukunyar naitirojin. Aka kira mai gyara ya auna zafin murhu, ya ce lafiyarsa lau. Gwaggo ta rame a kwana tara, rigar ta fara yi mata yawa.

Ranar hutu da rana na tafi gidanta, kunya na jan ƙafata baya. Mai Agogo ya ɗago daga kan wani agogon bango da ya barbaza, gilashin gyara maƙale a idonsa.

"Shiga, tana ciki. In kin iya sa ta ci abinci, zan gyara miki agogo har ƙarshen rayuwata."

Na same ta tana goge kofunan da suka riga suka bushe. Na durƙusa na ce ni na faɗa, ta yafe mini.

"Na sani, 'yar nan. Tashi, ƙasan da sanyi." Ta ajiye kofin. "Ni ba ƙarin wa'adi nake so ba. Ƙafar nan ta gaji, jikokina na jira. Abin da nake so in fita ƙofar nan a ce ta bar aiki a hannun mutane. Yanzu in na tafi a haka, me za a ce? A ce shekara talatin tana ɓoye abu, ta tafi da shi. Ni da aka koya wa komai kyauta, ina mai wankin kwalba."

Na ci abincin da aka zubo mata don ta ga ana ci, ta ɗan taɓa.

Ranar Litinin, saura mako biyu, muna tsaye a kan wata lalatacciyar fatar sai muka ji ana laluben ƙofa. Baba Sito ne, yana haki, hannu ɗaya a bango. Mutanen ginin sun ce rabon da a gan shi a benenmu tun kafin a sauya fentin matakala.

"Ina Gwaggo? Lafiya dai ko? Na ce ko ciwo ne aka ɓoye mini."

"Ga ni, Baba. Lafiya lau. Aiki ne ya yi yawa."

"Aiki." Ya zauna a kujerar da na tura masa. "Kwana nawa ina kasa kunne. Ni ba ganin mutum nake yi ba sai ya zo dab da ni, amma ke tun daga saman matakala nake sanin ke ce. 'Yar kwalbar nan taki tana bugun makullai, ƙyal, ƙyal, ƙyal."

Na juya na dube ta. "Wace kwalba, Gwaggo?"

"Ta haɗin mana. A aljihun ciki nake saka ta in zan fita."

"Kullum?"

"Kullum. Tun shekarata ta biyu da fara haɗi. Na bar wata a kan tebur na je na dawo, na tarar mai shara ta zubar ta wanke mini kwalbar tas, tana jiran in gode mata. Tun ranar ba na barin haɗi a bayana. Kamar babban yatsa take, a toshe, wa za ta dama?"

"To me ya sa ba ki faɗa mini ba da muke rubutu?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta me ya sa ba ta rubuta kalar takalminta ba. "Jirgi, wannan ai yawo ne. Takarda uku aka ba ni a kansa. In sa miki shi a cikin aiki?"

Na tuna teburin dutsen nan mai sanyi, da minti biyar ɗina. Na dubi aljihun rigarta, wanda ke manne da jikinta. Sai na ji dariya na taso mini tun daga ciki, na kasa riƙe ta, har Baba Sito ya tambaya ko shi ya faɗi wani abu.

Washegari muka yi zagayen tare. Na ɗaure ma'aunin zafi a jikin kwalbar, Mai Agogo ya aiko mana da agogon da ake tsayarwa, wai kada mu dogara da na waya. Gwaggo a gaba tana rangaji, ni a baya da littafi ina ƙirga taku. Mai gadi ya miƙe da ya gan ta, ya manta da gwiwar. Mai buga takardu ta sunkuyar da kai, Gwaggo ta tambaye ta tagwaye kamar ba abin da ya faru, ashe na biyun ma ya fito da haƙori. Mai hura gilashi ya tara labarin kwana goma, na ce ya taƙaita, Gwaggo ta ce a'a, in ana awo a bar komai yadda yake. A sito Baba ya jawo mata wata 'yar kujera daga bayan kwalaye, ya share da hannun riga.

Da muka dawo, ma'auni ya nuna digiri talatin da huɗu, agogo minti arba'in da bakwai. Ta miƙo mini kwalbar da ɗuminta.

"Ke za ki ɗiga."

Na ɗiga, faifai ya juya, muka kai murhu. Da yamma na zaro gilashin na ɗaga a taga. Shuɗi ne sumul, ba ɗigo, ba tsaga. Gwaggo ta karɓa, ta karkata shi hagu, ta karkata dama, ta nemi aibu ta rasa. Sai ta zauna a kan kujera ta rufe fuska da gefen mayafinta. Na tsaya a kanta ina ta surutun banza don kada ni ma in fara kuka.

Dakta da ya ji, ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Ya ce ai a fili yake: bayan an ɗiga ruwan nan, ƙwayoyin niyobiyam na buƙatar lokaci da ɗan ɗumi su kama hannun juna su yi sarƙa, girgiza a hankali kuma na hana su dunƙulewa wuri ɗaya. In an shafa kafin su kama, fata ba ta da abin da zai riƙe ta.

"A fili yake, ranka ya daɗe," in ji Gwaggo. "Shi ya sa muka yi kusan wata guda muna nema."

Saura a koya wa na'ura. Doka ba ta yarda a riƙa yawo da haɗi a aljihu ba, Dakta ma ya ce bai ji ba bai gani ba. Muka sa kwalbar a kwanon ruwan ɗumi a kan na'urar girgiza. Fatar farko ta fito da dama-dama, amma ba ta kai ba. Mai hura gilashi ya zo ya tsaya yana kallon na'urar, ya ce wannan tafiyar soja take yi, Gwaggo kuwa ba haka take tafiya ba. Ya rage mata gudu, ya naɗe kwali ya cusa ƙarƙashin ƙafarta ɗaya. Na'ura ta koma rangaji, hagu da dama. Fata uku a jere suka fito tas, duk da hannuna. Tun ranar ake kiran na'urar Ƙaramar Gwaggo, har a takardun sashe.

Ranar sallama aka taru a babban ɗaki. Da aka gama jawabai, Gwaggo ta buɗe jakarta ta zaro takardu uku da suka yi ja don tsufa, a cikin leda, da ƙunshin shan laima a ciki.

"Dakta, ina da roƙo ɗaya. A karanta mini mataki na bakwai, da ƙarfi, don Baba Sito na baya."

Dakta ya ɗauki sabuwar takardar aiki ya gyara murya. "A ajiye haɗin a ɗumin digiri talatin da huɗu, ana rangaji da shi a hankali, na minti arba'in da bakwai. Wannan mataki Gwaggo ce ta gano shi."

"To madalla." Ta miƙa masa takardun gargaɗin da hannu biyu, yadda ta karɓe su. "Ga ajiyarka. Ban bari laima ta taɓa su ba."

Ɗakin ya ɗauki dariya, Dakta ya fi kowa, ko da yake fuskarsa ta nuna kunya. Ya ce zai sa su a firam. Da za ta fita ta cire farar rigar ta rataya mini a kafaɗa, ta ce hannun zai yi mini gajarta amma aljihun na da kyau.

Litinin ta farko da ba ta nan, na yi haɗi, na kunna Ƙaramar Gwaggo, na zauna gaban kwamfuta. Minti arba'in da bakwai ba abin da zan yi. Ɗakin ya yi shiru, sai na'urar na ta rangaji ita kaɗai, kewar tsohuwar ta kama ni sosai. Na kai minti biyar ina kallon allo ban karanta komai ba. Sai na saka rigar, na jefa makullai a aljihu, na fita.

Gwiwar mai gadi ta ɗan yi sauƙi. Tagwaye sun fara rarrafe. Ƙanen mai hura gilashi ya ƙara tantabaru shida ba da shawara ba. Da na kai matakalar sito na ji muryar Baba tun kafin in sauka.

"Wane ne? Na ji makullai, ban ji kwalba ba."

"Ni ce, Baba. Jirgi."

Sai na ji yana jan wani abu daga bayan kwalaye. Da na ƙarasa, 'yar kujerar na tsakiyar ɗaki, yana share ta da hannun riga.

"Zauna, 'yata. Ita da idona take farawa."

Na zauna na tambaye shi idon.